Jiki magayi: yadda sabon mai gudu zai gane ƙarfin gudunsa ya yi daidai



Tun da muka taɓo batun gudun motsa jiki, tambayar da ta fi yawa a ƙarƙashin rubutun ita ce ta haki. Wani magidanci daga Zariya, mai shekara 43, ya ce likita ne ya umarce shi da motsa jiki saboda jininsa ya fara hawa. Ya sayi kambas, ya fita bayan sallar asuba, amma ko minti uku bai cika ba sai da ya dafa gwiwa, ƙirji kamar ana hura masa wuta. Kwana huɗu ya yi ya jingine. Yana tambaya ko dai jikinsa ne ba na gudu ba. Wata uwargida daga Maraɗi kuma akasin haka ta kawo. Tana zagaya tsakar gida a hankali har minti 30, ko gumin kirki ba ta yi, shi ne take jin anya ba ɓata lokacinta take yi ba.

Duka biyun abu ɗaya suke tambaya: ta yaya mutum zai san nauyin da yake ɗora wa jikinsa ya yi yawa, ko ya yi kaɗan, ko ya yi daidai?

Bari mu fara da dalilin da ya sa sabon shiga kan yi wuf da ƙarfi. Yawancinmu gudun da muka sani a rayuwa iri uku ne: na tsere a makaranta, na bin ƙwallo, sai na tsira, wato ranar da karen maƙwabta ya tsinke. Dukkansu gudu ne na iya ƙarfinka, kuma babu wanda ke wuce 'yan sakanni ko minti ɗaya. Saboda haka da an ce wa mutum ya yi gudu, ƙafarsa wancan gudun take tunawa. Ga kuma kunya. Babba da gemunsa ba ya son a gan shi yana tafiyar hawainiya a bakin titi, yaran unguwa na kallo, sai ya ƙara wuta don kada a raina shi. Alhali Hausa tana da sunan abin da ake nema, wato sassarfa, wadda ta fi tafiya amma ba ta kai gudu ba. Duk inda na ce gudu a wannan rubutu, ita nake nufi.

Ga abin da ke faruwa a cikin jiki. Naman ƙafa yana buƙatar iskar oksijin don ya ƙona suga da kitse ya samu ƙarfi. Huhu ne ke ɗaukar iskar, zuciya ta tura ta cikin jini. Matuƙar kana tafiya a saurin da iskar ke isa, za ka iya daɗewa kana yi. Da ka wuce wani mataki, sai jiki ya koma dogaro da wata hanya ta gaggawa, yana farfasa suga da sauri. Wannan hanya tana ba da ƙarfi nan take amma tana tara tsami a nama da jini, kuma don jiki ya rage tsamin sai ya ƙara fitar da gurɓatacciyar iska ta numfashi. Hakin da ke zuwa kwatsam ke nan, da zafin da ake ji a cinya. Kowa yana da wannan mataki, har zakarun duniya. Bambancin kawai inda yake. Wanda ya shekara goma daga kujerar ofis sai kujerar mota, matakinsa na iya kasancewa kusa da tafiya mai sauri. Ɗan'uwanmu na Zariya jikinsa lafiya lau yake a wannan fuska, ya dai tsallake matakinsa ne tun a minti na farko.

Daga nan za a gane cewa sauri daban, ƙarfin motsa jiki daban. Kilomita ɗaya cikin minti 8 wasa ne ga saurayin da ke buga ƙwallo kullum, amma ga mahaifinsa yana iya zama iyakar ƙarfinsa. Don haka abin da wayarka ke nuna maka na sauri ba shi ne ma'auni ba, kuma saurin abokin tafiyarka ma ba naka ba ne. Abin aunawa shi ne yadda jikinka yake ɗaukar aikin.

Ma'aunin baki

A ganina babu ma'aunin da ya fi wannan amfani ga sabon shiga, kuma ko sisi ba a kashewa. Kana cikin gudu, yi magana da ƙarfi yadda wani zai ji. Idan kana iya faɗin cikakkiyar jimla, ka ja numfashi, ka faɗi wata, amma da za a ce ka rera waƙa ba za ka iya ja ba, to kana a matsakaicin mataki. Idan kalma biyu ko uku kawai ke fita sai ka tsaya ka shaƙi iska, ka shiga mataki mai ƙarfi. Idan kuwa ko sunanka aka tambaya sai dai ka ɗaga hannu, ka kai ƙarshe, kuma nan da minti ɗaya ko biyu za ka tsaya ko kana so ko ba ka so.

Mu Hausawa Allah ya hutar da mu neman jimlar gwaji, tunda muna da gaisuwa. Gwada ta: ina kwana, an tashi lafiya, ya iyali, ya gajiya, ya muka ji da sanyi. Idan za ka iya jero su kamar ka haɗu da surukinka a hanya, ba tare da muryarka ta kakkarye ba, ci gaba a haka. Idan daga "ina kwana" numfashi ya ƙwace, rage gudu. Idan ka rage bai dawo ba, koma tafiya har sai gaisuwar ta fita sumul, sannan ka sake ɗagawa. Mai gudu shi kaɗai yana iya ƙirga ɗaya zuwa goma sha biyar a bayyane. Kada a yi a zuci, domin a zuci kowa gwani ne.

Abin yana kama da wasa, amma yana da tushe. Magana tana buƙatar ka riƙe numfashi kana sakinsa a hankali. Lokacin da jiki ya ƙetare matakin nan da muka ambata, buƙatar fitar da iska takan fi ƙarfin ikonka na riƙe ta. Shi ya sa masu binciken motsa jiki suka samu cewa inda magana ke fara wuya yana kusa ƙwarai da inda na'urar awon numfashi ke nuna an ƙetare matakin. Bakinka na yin kusan aikin da na'ura mai tsada ke yi a ɗakin gwaji.

Wani zai ce, ai ni da na fara sassarfa, komai sanyinta, magana ba ta fita. Wannan ba baƙon abu ba ne a makonnin farko, kuma ma'anarsa a fili take: a yanzu tafiya mai sauri ita ce motsa jikinka, sassarfa kuma sai dai a riƙa tsarma ta kaɗan-kaɗan. Akwai wani tsari da wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ya fitar a 1996, wanda daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya ta ɗauka take koya wa jama'a. Mako 9 ne, fita uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. A makon farko, bayan tafiyar ɗumama jiki ta minti 5, sassarfar sakan 60 ake yi, a bi ta da tafiyar sakan 90, a yi ta maimaitawa har minti 20. Sai a mako na tara ake kai wa gudun minti 30 ba tsayawa. Ka ga ashe wanda ya fita ranar farko yana son ya yi minti 30 a jere, aikin wata biyu ya so ya gama kafin karin kumallo.

Akwai masu cewa a rufe baki a riƙa numfashi ta hanci kawai, wai idan hanci ya isa to gudun ya yi daidai. Yana yi wa wasu aiki, amma ban cika ba da shi ba, musamman a hunturu da hancin rabin gari ke toshe. Buɗe bakinka ka sha iska.

Lambar da za ka ba wahalarka

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Gunnar Borg, ya lura cewa idan ka tambayi mai motsa jiki yadda yake jin wahalar aikin, amsarsa na tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da bugun zuciyarsa. Sai ya tsara ma'auni daga 6 zuwa 20. Lambobin sun yi kama da shirme, amma da dalili: idan ka ninka su sau goma za su ba ka kimanin bugun zuciyar matashi mai lafiya, daga 60 yana zaune zuwa 200 a iyakar ƙarfinsa. Har gobe ana amfani da shi a asibitocin da ke farfaɗo da masu ciwon zuciya.

Don sauƙi, yawancin masu horarwa sun koma ƙirgen sifili zuwa 10. Sifili kana kishingiɗe, 10 kuma gudun ceton rai. Sabon mai gudu ya nemi ya zauna wajen 4 ko 5, inda ya san yana aiki amma zai iya ci gaba. Da ya ji ya kai 7, ya sassauta. Tambayar da nake ba mutane su riƙa yi wa kansu ita ce: da za a ce in ƙara minti 10 a haka, zan iya? Idan amsar ta zo da "wallahi a'a", an yi yawa.

Matsalar wannan ma'auni ɗaya ce, yana son gaskiya, mu kuwa maza akwai cika baki. Mutum idonsa ya yi ja, jijiyar wuya ta tashi, ka tambaye shi ya ce ai bai wuce uku ba. Shi ya sa na fi son a haɗa shi da na baki, domin murya ba ta iya rufa wa mai ita asiri.

Lissafin bugun zuciya

Yanzu agogon hannu mai auna bugun zuciya ya cika kasuwa, kuma na ga da yawa sun mayar da shi alƙali. Ya kamata a san daga ina lambobinsa suke fitowa.

Sanannen lissafi shi ne ka cire shekarunka daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun da zuciyarka za ta iya a minti ɗaya. Mai shekara 40 zai samu 180. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka tana ɗaukar kashi 50 zuwa 70 cikin 100 na wannan adadi a matsayin matsakaicin motsa jiki, kashi 70 zuwa 85 kuma mai ƙarfi. Ga ɗan shekara 40 ɗin nan, matsakaici ya kama daga 90 zuwa 126, mai ƙarfi daga 126 zuwa 153. A 2001 wani mai bincike, Hirofumi Tanaka, da abokan aikinsa suka kawo gyara: ka ninka shekarunka da 0.7 ka cire daga 208. A shekara 40 duk hanyoyin biyu 180 suke bayarwa. A shekara 60 tsohon lissafi na ba da 160, sabon kuma 166.

To amma duk wanda ka ɗauka, ƙiyasi ne na matsakaicin jama'a. Mutum biyu da aka haifa rana ɗaya, ɗaya zuciyarsa na iya tsayawa a 168, ɗayan ta kai 192, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau. Saɓanin bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa, abu ne da aka saba gani. Saboda haka idan agogo ya nuna 150 kana hira da abokinka cikin daɗi, kada ka firgita. Idan kuma ya nuna 120 kana neman shiɗewa, kada ka ce sai ka ƙara wuta don lamba ta hau. Inda agogo da jiki suka saɓa, bi jiki. Shi kansa agogon da ɗan haske kore yake leƙa gudun jini a ƙarƙashin fata, kuma idan madaurin ya yi sako-sako ko hannu na jijjiga yakan ruɗe, wani lokaci ma ya kama ƙirga takun ƙafarka a maimakon bugun zuciya.

Wanda ba shi da agogon bai rasa komai ba. Ɗora yatsa manuniya da na tsakiya a tsintsiyar hannu, ta gefen babban yatsa, har ka ji jijiya na harbawa. Ban da babban yatsa wajen ji, don shi ma yana da nasa bugun. Ƙirga na sakan 15, ka ninka sau huɗu. Bugu 30 ya zama 120, bugu 38 ya zama 152. A yi shi nan take da tsayawa, domin zuciya na fara sauka cikin 'yan sakanni.

Ga wani gargaɗi da ya shafi mai tambayarmu na Zariya da ire-irensa. Akwai magungunan hawan jini da na zuciya, irin su atenolol da propranolol da bisoprolol, waɗanda aikinsu shi ne su rage bugun zuciya. Mai shan su ko ya yi gudun fitar rai zuciyarsa ba za ta kai lambar da lissafi ya ce ba. Idan ya dage sai ya kamo lambar, zai jefa kansa cikin haɗari a banza. Irin wannan mutum ya ajiye lissafin gaba ɗaya, ya riƙe ma'aunin baki, kuma ya tambayi likitansa iyakar da zai tsaya. Kada kuma ya daina shan maganin don zai fita gudu.

Gumi ba shaida ba ne

Nan ne amsar uwargidan Maraɗi take. Gumi hanyar jiki ce ta sanyaya kansa, kuma yawansa ya danganta da zafin gari, da kayan da ke jikinka, da halittarka. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mutum na zaune a inuwa yana jiƙewa. A hunturu kuma iska a bushe take, gumin na bushewa tun kafin a gan shi, sai mutum ya yi aiki sosai rigarsa a bushe. Idan a zagayen nan naki, Hajiya, numfashi na ɗaguwa har waƙa ba za ta yiwu ba amma magana na fita, aikinki na kyau, ki ci gaba. Idan kuwa za ki iya rera waƙa baiti bayan baiti kina tafe, to ki ƙara sauri, ko ki riƙa tsarma sassarfar minti ɗaya bayan kowane minti biyu ko uku.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne masu sa rigar leda ko su jibga rigar sanyi a bazara wai don kitse ya narke. Abin da ke fita ruwa ne da gishiri. Sikeli zai nuna an ragu, a sha ruwa kofi uku ya dawo. Ribar da aka samu ita ce an hana jiki sanyaya kansa, an kusantar da shi ga bugun zafi, wanda ke iya kisa. 'Yan'uwa mata masu fita da hijabi su nemi yadi mara nauyi mai shan iska, su kuma fita da sanyin safiya.

Zafi yana kuma canja lissafin duka. Idan gari ya ɗau zafi, jiki na tura jini mai yawa zuwa fata don ya huce, ruwan jiki na raguwa, sai zuciya ta ƙara bugu don ta cike gurbin. Hanyar da ka bi cikin sauƙi a Janairu, ita ce za ta sa ka haki a Afrilu, da sauri iri ɗaya. Lafiyarka ba ta ja baya ba, aikin ne ya ƙaru. Rage sauri har magana ta dawo. Haka abin yake ga mai azumi, da wanda bai samu barci ba, da wanda ya tashi daga zazzaɓi, da mai ƙarancin jini. Ma'aunin baki yana bin duk waɗannan canje-canje da kansa, abin da jadawalin sauri ba zai iya ba.

Me ya sa a hankali?

Na san akwai mai cewa, idan ba a sha wuya ba ina amfanin? Amsa ta farko, gyaran da ake nema a jiki yawancinsa a wannan mataki mai sauƙi yake samuwa. Zuciya na ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini na ƙaruwa a cikin nama, nama na ƙara iya amfani da iska. Waɗannan suna son lokaci da maimaici, kuma wanda ya ƙone kansa a minti uku bai ba su ko ɗaya ba.

Amsa ta biyu ta fi muhimmanci. Zuciya da huhu suna sabawa cikin 'yan makonni, amma ƙashi da agara da gaɓoɓi watanni suke ɗauka. Wajen mako na huɗu ko na biyar mutum kan ji numfashi ya buɗe, sai ya ɗauka ya iso, ya ƙara sauri ya ƙara nisa a lokaci guda. Nan ne ciwon ƙwauri da na gwiwa da na dunduniya ke shigowa, a koma gida a zauna wata biyu, a dawo inda aka fara.

Su kansu gwanayen ba kullum suke gudun mutuwa ba. Stephen Seiler, wani masani da ke aiki a Norway, ya bi diddigin atisayen manyan 'yan wasan dogon zango, ya samu cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na fitarsu a mataki mai sauƙi suke yi. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda a 2019 a birnin Vienna ya gama kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40, wato kowace kilomita a kusan minti 2 da sakan 50, a ranakun sassauci a sansaninsu na Kaptagat yakan yi kilomita a kusan minti 5, ana tafe ana hira. Idan shi bai ji kunyar rage gudu ba, ban ga dalilin da zai sa Malam mai teɓa ya ji kunyar yaran unguwa ba.

Ga masu son adadi, Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, ko a gauraya. Minti 30 sau biyar a mako na tafiya mai sauri da ɗan tsarmin sassarfa ya cika mafi ƙarancin adadin. Wanda bai kai nan ba tukuna, abin da ya samu ma yana da amfani.

Abin da gobe za ta faɗa

Awo ba ya ƙarewa da tsayawa. Idan gudun ya yi daidai, cikin 'yan mintuna numfashi zai daidaita, ka yi wanka, ka karya, ka tafi kasuwa ko ofis da kuzari. Idan kuwa ka wuni kana gyangyaɗi, ƙafa kamar an ɗaura mata dutse, kai na sarawa, to ka ci bashin jiki, fita ta gaba a rage.

Tsamin jiki a makon farko ba abin damuwa ba ne. Yakan fara washegari, ya tsananta a kwana na biyu, ya wuce cikin 'yan kwanaki, kuma yakan kama ƙafa biyu daidai wa daida, ya yi sauƙi idan an motsa. Wanda za a kula da shi shi ne ciwon da ke wuri ɗaya, wanda za ka iya nunawa da yatsa, yana ƙaruwa idan kana gudu, ko yana sa ka ɗingishi. Wannan ba a yi masa jarumta, a huta, idan ya ƙi tafiya a je asibiti.

Akwai kuma wata dabara mai sauƙi. Kowace safiya kafin ka sauko daga gado, ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya cur. Na yawancin manya yana tsakanin 60 da 100. Bayan mako ɗaya za ka san naka. Ranar da ka ga ya haura da kusan goma, jiki bai gama hutawa ba, ko kuma wani ciwo na tafe, a wajenmu sau da yawa zazzaɓin cizon sauro. Ranar a yi tafiya kawai ko a huta. Mai zazzaɓi a jiki kuwa ba ya gudu sam. Daɗin abin shi ne bayan wata biyu ko uku za ka ga lambar na sauka a hankali, kuma wannan ya fi sikeli saurin nuna cewa aikin na ci.

Sai alamomin da ba a tsayawa aunawa. Ciwo ko nauyi ko matsi a ƙirji, musamman idan yana tafiya zuwa hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya. Jiri ko ganin duhu. Zuciya na bugawa a hargitse. Haki mai tsanani da bai dace da ɗan aikin da ake yi ba, ko wanda ya ƙi sauka bayan an tsaya. Ruɗewa, tangaɗi ko amai a cikin zafi. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ya tsaya nan take, ya nemi inuwa da taimako, a kai shi asibiti a ranar, kada a ce bari a ga gobe. Wannan daban yake da ɗan sukan nan na gefen ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wanda ke lafawa idan an rage gudu an ja dogon numfashi.

Masu ciwon zuciya, ciwon suga, ciwon ƙoda, sikila, asma, hawan jinin da bai daidaita ba, da masu juna biyu da waɗanda ba su daɗe da haihuwa ba, su fara ganin likita kafin su ɗaga daga tafiya zuwa sassarfa. Su tambaye shi a fili wane mataki ya halatta musu, kuma wace alama ce za ta sa su tsaya. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan maganin da ke saukar da suga ya riƙa fita da dabino biyu ko uku a aljihu, mai asma kuma kada ya bar abin shaƙarsa a gida, balle a kwanakin da ƙurar hunturu ta rufe gari.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun takalmi da irin ƙasar da ta fi dacewa a taka, tsakanin kwalta, burji da filin makaranta.